Daga Hondar Baba Zuwa Babur Ɗina Na Uku: Tarihin Babur a Hannun Bahaushen Kurmi



Wata huɗu cur na yi ba ni da babur. Duk wanda ya san ni a Sabon Badun ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tun 2011 ba a raba ni da wani baƙin babur ƙirar Suzuki GS500, wanda yaran unguwa ke gane ƙararsa tun ina Mokola. Abin da ya faru shi ne, na jingine shi a Kara ta Akinyele na shiga gaisawa da wani aminina, sai wata babbar mota da ta gama sauke shanu ta yi baya, ta matse shi da bango. Allah ya taƙaita ba kowa a kai. Injin bai yi komai ba, amma ƙashin babur ɗin ya lanƙwashe tun daga wuya, kuma duk mai hawan babur ya san idan wuya ya karkace, to zance ya ƙare, ko da bakanike ya rantse maka zai miƙe shi. Direban yaro ne ƙarami, jikinsa sai rawa yake yi. Dattawan Kara suka shiga tsakani, maigidansa ya ba da abin da ya iya, na yafe saura.

To, a cikin watannin nan huɗu na neman madadi ne na tsinci kaina ina tunanin abin da ban taɓa zama na yi tunaninsa ba, wato yadda aka yi babur ya tashi daga abin alfahari a hannun iyayenmu, ya koma abin da ake tsare Bahaushe saboda shi a titi. Da farko na ɗauka zaɓin babur magana ce ta kuɗi da inji kawai. Ashe akwai tarihi a ciki, kuma tarihin namu ne.

Bari in faro daga gida. An kafa Sabo a 1916, bayan da jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901 ya kuma kai Kano a 1911. Shanu su gangaro, goro ya hau, wannan shi ne ginshiƙin unguwar. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a cikin kakanninmu a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 a kan yadda harkar shanu da goro ke gudana a hannun masu gida da dillalai. Mahaifina yaron wani maigidan goro ne a wancan zamani. Aikinsa shi ne shiga ƙauyukan Yarbawa yana sayen goro daga hannun matan da ke tara shi, a kawo Sabo a tsince, a ɗaure huhu, a loda zuwa Arewa. Da keke yake wannan zirga-zirga, Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano. Inna ta ce yakan dawo da la'asar ƙafafunsa a kumbure, wandonsa duk jar ƙasa.

Sai Udoji ya zo. Matasa ba su san wannan suna ba, amma ku tambayi duk wani dattijo. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974 kan albashin ma'aikata, kuɗin kuma suka shiga aljihun mutane a 1975, har da bashin watannin baya a dunƙule. Baba ba ma'aikacin gwamnati ba ne, amma Udoji bai bar kowa ba. Ma'aikaci ya samu ya sayi nama, mahauci ya samu, dillalin shanu ya samu, mai goro ma ya samu. A wannan shekara ce Baba ya sayi Honda Benly 175, wadda Turawa ke kira CD175. Ina ɗan shekara biyar ko shida, amma har gobe ina ganinta a idona: silinda biyu, salansa biyu, gefen tanki na sheƙi kamar madubi, giya huɗu, sarƙa a rufe ruf cikin akwatinta, saboda haka babbar riga ba ta shiga ciki. Ƙararta a hankali take, ba ta hayaniya. Ranar Juma'a Baba zai naɗe hannun riga bisa kafaɗa, ya ɗora ni a kan tanki, mu nufi masallaci, mutane na ɗaga masa hannu.

A lokacin, babur shaida ce ta cewa mutum ya kama ƙasa. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, akawu, su ne masu babur, da yawansu da rancen da wurin aiki ke bayarwa. A Arewa Vespa ce ta manyan malamai da 'yan kasuwa. Ɗan sandan da ya ga Baba a kan Honda gaishe shi yake yi. Babu wanda zai kalle shi ya yi zaton haya yake yi, don hayar babur ba ta zama ruwan dare ba tukuna. Kamfanonin ma sun ga kasuwa. Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta jihar Ogun a 1979, gidan Boulos na haɗa Suzuki a Legas, Yamaha kuma na fitowa ta hannun John Holt. Akwai wani babur da ya kamata in ambata a nan, don jikokinsa sun cika titunanmu: Honda CG125, wanda ya fito a 1975. Injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashe masu tasowa, suka ga mutane ba sa juye baƙin mai a kan lokaci, suna kuma ɗora wa babur kayan da ya fi ƙarfinsa. Maimakon su tsaya wa'azi, sai suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Yawancin baburan China masu 125 da 150 da muke gani, tsarin wannan inji aka kwaikwaya.

Abin da ya juya lamarin shi ne SAP na gwamnatin Babangida a 1986. Naira ta faɗi, Peugeot ta Kaduna da Volkswagen ta Legas suka fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka tsufa ba madadi, aka sallami ma'aikata da yawa. Mai babur da albashi bai isa ba sai ya fara ɗaukar fasinja da yamma. A Arewa aka ce acaɓa ko kabu-kabu. A Kudu sunan da ya ci shi ne okada, daga kamfanin jiragen sama na Okada Air, mallakar Cif Gabriel Igbinedion, mutumin garin Okada a jihar Edo ta yanzu. Wasa ne aka fara da shi, wai babur na ratsa cunkoso kamar jirgi. Jirgin ya daina tashi tuntuni, sunan ya zauna.

Baba ya sayar da Hondarsa a farkon shekarun 1990, ba don ta lalace ba. Wata rana ne yana tsaye a bakin hanya da babbar rigarsa, wata mata ta ɗaga masa hannu ta faɗi unguwar da za ta. Ya dawo gida bai ce wa kowa komai ba, sai bayan kwana biyu ya shaida wa Inna. Bai sake hawa ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mun daɗe muna dariyar wannan labari a gida. Yanzu da na kai shekarunsa na daina dariyar.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 baburan China suka shigo, Jincheng a kan gaba, wanda tsarinsa na Suzuki AX100 ne. 'Yan kasuwar Nnewi, musamman Innocent Chukwuma mai Innoson, suka gano cewa idan aka shigo da babur a wargaje, kwantena ɗaya za ta ci ninkin abin da take ci idan a haɗe yake, sai a haɗa a nan gida. Farashi ya karye warwas. Ga siyasa ta dawo a 1999, kowane ɗan takara na rabon babura. Ni ma a 2002 na sayi Jincheng, shi ne babur ɗina na farko, ya kuma yi mini hidima gwargwadon ƙarfinsa. Bayan 'yan shekaru Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya share fage, don ba ya shan mai, ga doguwar kujera da ke ɗaukar mutum biyu har da buhu. Yaron da ya sauka daga motar shanu ko ta albasa ba ya jin Yarbanci, ba shi da jari, amma idan wani ya tsaya masa aka ba shi Boxer yana biya a hankali, a mako guda ya fara aika kuɗi gida. Wace sana'a ce kuma za ta yi masa haka?

Daga nan sai dokoki suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a Oktoban 2006, zamanin El-Rufai. Ranar 1 ga Janairun 2009 dokar hular kwano ta fara aiki a ƙasa baki ɗaya, har aka riƙa ganin masu kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, duniya na yi mana dariya. Maiduguri ta hana hawan babur gaba ɗaya a Yulin 2011 saboda kashe-kashen da ake yi a kansa. Kano ta hana ɗaukar fasinja a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Mai karatu ya lura da abu ɗaya: duk garin da aka hana a Arewa, yaran ba sana'ar suke bari ba, garin suke bari. Su ɗora babur a kan tirela su yo Kudu. Mu da ke Sabo mun ga isowarsu da idonmu, suna kwana a barandar masallaci da gaban shaguna. Haka aka wayi gari a idon mutumin Legas, kalmar okada da kalmar aboki suka zama abu guda.

Ni dalilin da ya sa na bar Jincheng ba doka ba ce. Harkata ta koma tsakanin Badun, Shagamu da kasuwar Mile 12, kuma babban titin Legas zuwa Badun, wanda aka buɗe a 1978, ba wurin ƙaramin babur ba ne. Tirela za ta wuce ka, iskarta ta kwashe ka kamar ganye, ba ka da ƙarfin da za ka tsere mata, ba ka da nauyin da za ka tsaya. Shi ya sa a 2011 na sayi GS500 ɗan Kwatano, wato tokunbo in ji Yarbawa. Injinsa 487cc, silinda biyu, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto, kafireta biyu, giya shida. Suzuki ta fara ƙera shi a 1989, kuma a Turai da shi ake koya wa mutane tuƙi, don ba shi da rigima. A lokacin dala tana wajen naira 150, litar mai naira 65.

Shekara guda bayan nan, a Agustan 2012, Gwamna Fashola ya sa hannu a dokar da ta hana okada bin hanyoyi 475 a Legas, ta kuma ja layi a kan 200cc: abin da bai kai haka ba, ba shi ba manyan tituna da gadoji. Sai na tsinci kaina a ɓangaren tsira na layin, ba da wayona ba. Gwamna Sanwo-Olu ya ƙara tsaurarawa a ranar 1 ga Fabrairun 2020, har kamfanonin haya irin su Gokada, da suka zuba kuɗi a babura masu 200cc don su cika sharaɗi, abin bai bar su ba. A 1 ga Yunin 2022 aka hana ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, a Satumba aka ƙara huɗu, ciki har da Kosofe, inda Mile 12 take. Baburan da aka kama kuma murƙushe su ake yi a gaban 'yan jarida. Masu kai saƙo da masu manyan babura na kansu dokar ba ta haɗa da su ba.

A kan takarda ke nan. A titi kuwa, fuska ake fara dubawa kafin inji. Wata safiya a Legas wasu masu kaki suka tare ni, kafin in tsaya sosai ɗaya ya zare makulli, yana ta kiran aboki, okada. Na cire hular kwano, na miƙa takardu. Babbansu ya zagayo, ya sunkuya ya karanta lambar 500 da ke jikin babur, ya dubi furfurata, ya ce a ba ni makullina. A gefe kuwa ana ɗora Boxer ɗin wani yaro a mota, da ka ji Hausarsa ka ji mutumin Gabas. Da ya ji na yi magana sai ya matso ya ce, "Baba, don Allah ka sa baki, wallahi ban gama biya ba." Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Na ciro abin da ke aljihuna na damƙa masa, na tayar da babur na tafi. Har na isa kasuwa ban ji daɗin raina ba. Ni da shi harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, abin da ya raba mu a wannan safiya girman silinda ne kawai. Ba ina cewa dokar ba ta da dalili ba. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen ƙashi na asibiti a Legas ko Badun ya san ɓarnar da ganganci ke yi, kuma wasu yaranmu ba sa jin magana, ba sa sanin hannun hanya. Amma wannan kallo da yaron ya yi mini bai bar ni ba.

Da na shiga binciken madadi, sai na gano ba mu kaɗai doka ke yanka wa girman inji ba. Kusan duk matsakaicin babur da ke kasuwa, wata doka ce ta haife shi a wata ƙasa. A da can Ingila ce uwar babura, Triumph da BSA da Norton masu 500 da 650. Honda ta zo a 1969 da CB750 mai silinda huɗu, birkin faifai a gaba, ana tayar da shi da maɓalli, ta rusa kasuwar Ingila cikin 'yan shekaru. A 1975 hukumomin Japan suka raba lasisin babur, suka sa iyaka a 400cc, wanda ke son abin da ya fi haka sai ya ci wata jarrabawa mai tsananin wuya. Honda na da babur mai 408cc a lokacin, dole ta rage shi zuwa 398 don matasa su iya saya. Daga nan kamfanonin Japan suka duƙufa cusa duk fasaharsu cikin 400, kuma wannan ne asalin CB400 Super Four da ya fito a 1992, wanda masu manyan babura a Najeriya suka sani sarai. A Turai da Amurka kuwa ajin 600 ne ya yi tashe saboda gasar tsere: Kawasaki GPZ600R a 1985, Honda CBR600F a 1987, Yamaha R6 a 1999. Sai a Janairun 2013 Tarayyar Turai ta kawo lasisin A2, wanda ya taƙaita sabon mahayi a kan ƙarfin doki 47 da ɗoriya. A wannan shekarar Honda ta fito da CB500F da 'yan'uwansa, 471cc, ana ƙera su a Tailan, an auna ƙarfinsu daidai bakin wannan iyaka. Japan ta ce 400, Turai ta ce doki 47, Legas ta ce 200, mu kuma muna saye daga ragowar dokokin wasu don mu tsallake tamu.

Zuciyata CB400 take so, ba zan ɓoye ba. Wanda ya taɓa jin kukan silinda huɗu idan aka murɗa totur ya san abin da nake nufi. Na je Legas na ga guda biyu, na hau ɗaya, santsi kamar ana zuba mai. Amma bakanikena, wani dattijon Bayarabe da ya riƙe mini GS shekara goma sha uku, ya zaunar da ni. Da Hausarsa ta Sabo ya ce, "Alaji, kafireta huɗu ne fa. Mai ɗaya mara kyau ka sha a hanya, kwana biyu muna wanki muna saiti." Masu injekta sun fara ne daga ƙarshen 2007, kuma kuɗinsu ya yi sama, musamman da Honda ta dakatar da ƙera wannan samfuri a 2022. Ga filogi huɗu, ga bawul goma sha shida. Na haƙura, amma da ƙyar.

Masu 600 irin R6 da CBR600RR ban ɓata lokaci a kansu ba. An yi su ne don filin tsere, mutum na kwance a kan tanki, gwiwa a naɗe. Ɗan shekara hamsin da ɗoriya mai ciwon baya, sanye da kaftani, a hanyar ƙauyen goro mai ramuka, ai abin dariya ne. Robobin jikinsu kuma faɗuwa ɗaya ce, kuɗin gyara ya sayi Boxer. Suzuki SV650 da Kawasaki ER-6n sun fi dacewa da mutum irina, zama a miƙe, silinda biyu, sai dai waɗanda na samu duk sun sha wuya a hannun masu su. Na duba sababbi na Indiya ma, don sabo sabo ne, ga kayan gyara a ko'ina. Bajaj na da Dominar mai 373cc, injinsa ɗan gida ɗaya ne da na KTM 390, kasancewar Bajaj ta fara sayen hannun jarin KTM tun 2007. Akwai kuma Pulsar NS200, wanda ya ba ni dariya: sunansa 200, amma ainihin injinsa 199.5cc ne. Na ce wa bakanike, ranar da aka samu mai kaki da ya san lissafi, rabin cc zai kwana da mutum a ofis. Matsalata da su ita ce siffa. Daga nesa, Bahaushe a kan babur ɗan Indiya mai silinda ɗaya, kafin a karanta lamba an riga an zare makulli. Na ji kunyar wannan tunani da ya zo mini, don ma'anarsa ina neman babur da zai raba ni da 'yan'uwana a idon mai kallo. Amma ƙarya ce in ce bai shiga lissafina ba.

Shawarar bakanike ita ce in sake sayen wani GS500. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ga injin tsohon nan lafiya lau a zaure, ga tayoyi, ga kafireta, wato ina da shagon kayan gyara kyauta na shekaru. Kuma ya san babur ɗin kamar yunwar cikinsa. Na kusa yarda. Abu biyu suka hana ni. Na farko tsufa, domin duk wanda za ka samu a kasuwa yanzu ya daɗe a duniya, robobi da wayoyi sun bushe. Na biyu mai. Tun da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala kuma ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. GS ɗina yakan ba ni wajen kilomita 20 a lita idan na bi shi a hankali. Honda ta ce CB500F na yin 27. Ko da an rage wa wannan adadi wani abu saboda hanyoyinmu, ga mai zuwa Legas sau biyu a mako, bambancin kuɗin cefane ne.

A gida kuwa wata shari'ar ake yi. Uwargida ta ce, "Malam, Allah ne ya raba ka da abin nan cikin rufin asiri, ba jini ba karaya. Me ya sa za ka koma?" Ta kawo maganar mota, ta kawo maganar jirgin ƙasan da ya fara aiki daga Moniya zuwa Legas a 2021. Jirgin na da daɗi, na hau, amma ba ya shiga ƙauyen goro, ba ya kuma jiran motar albasa da ta iso da asuba. Mota kuwa, wanda ya taɓa kwana a cunkoson Kara da Berger ya san amsar. Na tuna mata Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, da mutanenmu suka fake a gidan Sarkin Sasa. Mota ba ta shiga a kwanakin nan. Da wannan babur na yi ta jigilar abinci da magani, da shi na ɗauko ɗan ƙanwarta. Ta yi shiru, sannan ta ce to ta yarda, amma da sharaɗi: sabuwar hular kwano mai rufe haɓa, ba tafiyar dare, kuma babur ɗin ya kasance mai irin birkin nan da na taɓa ba ta labari. ABS take nufi, wanda ke hana taya kullewa idan mutum ya damƙe birki a firgice. GS ba shi da shi. Ita ce ta yanke hukuncin ba tare da ta san sunan ko babur ɗaya ba.

Na samu CB500F na 2015 mai ABS a wurin wani dillali a Legas. Ga wanda zai sayi tokunbo, ga abin da muka yi. Mun je da sassafe ba tare da sanarwa ba, don mu taɓa injin yana sanyi, saboda injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Bakanike ya haska cikin tanki da tocila yana neman tsatsa, ya shafa ƙafafun gaba ko suna yoyon mai, ya ɗaga gaban ya juya kan hagu da dama ya ji ko yana sarƙewa. Mun gwada lambar da ke wuyan babur da ta takardar kwastan harafi bayan harafi, domin Bahaushe da babban babur ba takardar kwastan, ya sayi fitina da kuɗinsa. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin na da zane mai kyau amma sun haura shekara bakwai, sai muka rage kuɗinsu daga ciniki. Lambar kilomita da ke agogo ban ko kalle ta ba, robar takawa da ta hannu sun fi ta faɗin gaskiya. Mun kunna makulli muka ga fitilar ABS ta kama, ta kuma mutu da aka fara tafiya, don wasu cire ƙwan suke yi. Duk da haka bakanike bai ji daɗi ba, yana ta gunagunin injekta da lagireto, wai yanzu sai ya nemi yaro mai kwamfuta. Kuɗin da na biya, in aka lissafa da naira, ya isa sayen GS ɗina na 2011 sau da yawa. Sai da na sayar da injin tsohon da sauran kayansa, na haɗa da kuɗin Kara, na kuma karɓi adashi kafin lokacina.

Ranar da na kawo shi Sabo, Inna ta sa aka riƙo ta har ƙofar gida. Ta shafa tankin, ta leƙa ƙasa, ta ce, "Kai ɗan nan, salansa ɗaya? Ta mahaifinka biyu gare ta. Ga sarƙa a waje tsirara, rigarka za ta ci." Ta yi addu'a ta tofa, ta koma ciki.

Saura abu ɗaya. Rubutun 500 da ke jikin wannan babur ƙarami ne, ba kamar na GS ba da ake hangowa daga nesa. Bakanike ya je ya yanko mini sitika manya guda biyu, farare, ya ce in manna a gefen tanki hagu da dama, yadda mai kaki zai karanta tun kafin ya ɗaga hannu. Na karɓa na yi godiya. Na je Legas sau shida ke nan da sabon babur, an tare ni sau biyu, sitikun kuma suna nan cikin aljihun jakata tare da takardar kwastan, ban ɓare bayansu ba tukuna.